Kailu da Ya Buɗe wa Iska Hanya

Idan aka sallame sallar asuba a unguwarmu ta bayan kasuwar Filinge, kowa yakan koma ya ɗan taɓa barci, ban da Baba Kailu. Shi yakan ɗauki butarsa da wata tsohuwar igiya, ya bi ta ƙarƙashin itatuwan dogon yaro har gidan Hajiya Mas'uda, ya ɗaga wata ƙofar ƙarfe da ke kwance a gefen gidan, sannan ya ja da baya ya zauna. Ba ya sauka. Yakan ce a bar ramin ya yi hamma tukuna, don duk abin da ya kwana a rufe da warin baki yake tashi. Sai gari ya fara haske zai ɗaura damin ganyen sabara a igiyar, ya zura shi ƙasa ya jawo, ya zura ya jawo, a hankali, yana wani ɗan gunguni wanda ba waƙa ba ne, ba kuma addu'a ba. Daga nan ya kunna fitilar ƙwai ya saukar da ita har ƙasa, ya tsuguna yana duban harshen wutar kamar mai duban fuskar jinjiri. In ta tsaya da ƙarfinta, ya ce a sauka da bismilla. In ta yi laushi kuwa, ko wane ne kai sai ka jingine kekenka ka jira.

Wurin nan Rami muke ce masa. Ɗaki ne a ƙarƙashin tsohon kantin da mijin Hajiya ya bar mata, inda a zamanin da ake ajiye fatu da man shanu saboda sanyinsa. A shekarun da hukuma ta hana hawan babur a yankinmu saboda rashin tsaro, kowa ya tuna yana da keke. Aka sauko da su daga kan rumbuna, aka kakkaɓe musu yanar gizo, wasu ba birki, wasu ba sarƙa, wasu sunan keke kawai ya rage musu. Tahiru, ɗan Hajiya guda ɗaya tilo, shi ya tara 'yan'uwansa masu hannun gyara suka yi ƙungiya: kayan aiki na kowa ne, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba. Uwarsa ta ba su ɗakin. Ni a lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, da ke kan hanyar Damana, in kekena ya kwana da ciwo to yara sun kwana ba malami. Haka mai kai magani ƙauye, haka mai kawo nono, haka wanda matarsa ke naƙuda yana neman ungozoma. Rami ya zame mana ƙafa.

Baba Kailu ba makaniki ba ne, kada wani ya ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Har yau in ka miƙa masa sifana yakan juya ta ya duba, ya mayar maka da ita da ladabi. Maginin rijiya ne daga tudun Kurfai, can inda ake haƙa har mutum ya ɗaga kai ya ga sama ta koma kamar bakin tulu. Da gwiwa ta fara gardama ya shigo gari yana sayar da guga da igiya, rumfarsa tana kallon ƙofar Rami.

Abin ya faru wata Lahadi ta bazara, kasuwa ta cika har da mutanen Sanam. Laraba mai fura, wadda ke zama a bakin wurin, ita ta ba ni labarin, don a gaban idonta aka yi. Zafi ya sa masu gyara suka ja ƙofar ƙarfen suka kusa rufe ta, wai kada sanyin ɗakin ya gudu. A ƙasa kuwa ga kaskon gawayi ana gasa ƙarfen faci ana kuma dafa shayi a kai, ga gwangwanin sholisho a buɗe, ga kwanon esansi, wato fetur, da ake wanke sarƙa a ciki. Yadda wuta ba ta tashi ba a ranar, wannan Allah ne kawai. Da aka kira azahar suka hau ɗaya bayan ɗaya, kowa yana dafe da kai, suna ɗora wa rana laifi. Tahiru ya ce su je, gyaran ƙafar keke ɗaya ya rage masa. Da suka dawo suka kira shi, shiru. Wani ya leƙa ya hango shi zaune ya jingina kai da taya, kamar wanda barci mai daɗi ya sace.

Mutum biyu suka zabura za su sauka, Kailu ya tare su da hannu. A sana'arsu an san rijiya ba ta ƙoshi da mutum ɗaya, tana cin wanda ya faɗa ta kuma ci wanda ya bi shi da gaggawa. Ya sa aka wangale ƙofar, ya ɗaura igiyar sayarwarsa a ƙugu ya ba su bakin, ya cika ƙirjinsa da numfashi ya riƙe, ya sauka. Laraba ta ce ita dai ta ga igiya tana tafiya tana tafiya, sannan ta tsaya, sannan ta girgiza. Suka ja. Tahiru ya fara fitowa, jikinsa sharaf, Kailu na bayansa yana tura shi da kafaɗa. A asibiti ya farfaɗo kafin la'asar.

Hajiya ta zo bakin Rami mayafi a hannu, ta tambayi Kailu me ya sami ɗanta. Ya amsa mata da iyakar gaskiyarsa.

"Sha'anin iska na, Hajiya."

To, a nan aka yi ta. Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne, zai ce ai magana ta fito fili. Amma mu a Kurfai, inda har yanzu in ka ratsa wasu ƙauyuka da yamma kana jin goge yana kiran waɗanda ba a gani, in lafiyayyen saurayi ya faɗi ba rauni ba jini, dattijo kuma ya ce iska ce, ba wanda hankalinsa zai je kan abin da ke shiga hanci. Kafin kasuwa ta watse an san iskar, an san tun zamanin fatu take zaune a ɗakin, an ma san abin da ya ɓata mata rai. Likita ya faɗa wa dangi cewa hayaƙin gawayi ne da rashin mashiga, daidai da abin da Kailu yake nufi, amma ina, magana ta riga ta hau keke.

Hajiya ta ce za ta cike ramin da rairayi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba, kuma duk wanda ya san ta ya san irin wannan maganar tata ba ta dawowa. Ni dai na ji zuciyata ta yi nauyi, don babu wani wuri a garin da zai ɗauki ƙungiyar da kayanta, kuma ba na iya ganin laifin uwa. Kailu ya sa hularsa ya je ya yi sallama a zauren gidan, a gaban mutane, ya roƙe ta.

"Ki bar ni in buɗe ma iska hanya, ta shigo ta hita. In ta samu hanya ba ta taɓa kowa."

Garin gyaran gira aka rasa ido. Washegari duk unguwa ta ji cewa mai guga zai yi wa iskoki ƙofa a gidan Hajiya. Daga ranar sunansa ya koma Kailu Mai-iska, masu shaƙiyanci kuma suna cewa ya gode wa Allah da ba a ce "ɗan" ba, aka tsaya a "mai". A masallaci wasu suka fara barin ɗan fili tsakanin kafaɗarsu da tasa. Sai daga baya ya gaya mini cewa kwanaki ya yi yana mamakin me mutane suke tsoro a taga.

Hajiya ta taɓa zuwa Makka, ta san karatunta, amma uwa ce. A ɓoye ta aika ƙauye aka zo mata da Tabawa, wata tsohuwa 'yar bori, ƙawar mahaifiyarta, ta duba mata ɗakin. A ɓoye ɗin nan ne rabin unguwa ya taru. Kailu ya ce ba za ta sauka ba sai da igiya a ƙugu, ta ce ita akuya ce? Ya ce ko liman ne sai ya ɗaure shi. Ta yi dariya ta ɗaga hannuwa. Ta sauka ta zauna a tsakiyar ɗakin ta yi shiru, mu muna sama muna jira. Can ta ja igiya, ta hau tana tari tana murza goshi, ta nemi ruwa ta sha, sannan ta dubi Hajiya.

"Mas'uda, ni da iskoki mun daɗe tare, tun ina budurwa. Wanga rami babu ko guda cikinai. Mi za su zamna yi inda ko su ba su iya lumhwashi? Ki bar maginin ga shi yi aikinai."

Aka yi dariya, irin dariyar da ke zuwa bayan tsoro. Hajiya ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon bakin ramin, sannan ta juya wajen Kailu.

"Ɗana guda na, Kailu, ba ni da wani. Na bar maka ramin, amma da sharaɗi. Muddin kana bakinai, shina buɗe. Ran da ka tashi, ran nan nika cike shi."

Ya ce ya ji, ya ɗauka. Ba na tsammanin a lokacin ya san nauyin abin da ya ɗauka.

Ya yi aikin kamar yadda ake gina rijiya, ba gaggawa. Ya fara da zama a wurin yini guda yana sakin ƙaiƙayi daga tafin hannunsa don ya ga inda iska ke son bi. Ta gabas ya haƙa mashiga, ta gangaro har kusa da daɓen ɗakin. Ta yamma ya huda sama ya gina doguwar mafita da laka, ta wuce tsayin katanga, don abin da ya yi zafi sama yake nema. Ya ce daga gara ya koya, wadda ba ta taɓa gina suri ba tare da ta bar masa hanci ba. Tabawa ta aiko masa da wuyan fasassun tuluna, ya jera su a cikin hudojin don kada ƙasa ta rufta, ya sa raga saboda maciji. Sannan ya sare matakala ta biyu a ƙarshen ɗakin, yana cewa ramin da ke da baki ɗaya sunansa kabari.

Abin da bai yi zato ba shi ne tulunan za su yi murya. In iska ta taso daga kwarin Dallol ta bi ta wuyansu, sai Rami ya ɗauki wani amo mai zurfi, kamar ana busa sarewa a wani gari mai nisa. Masu cewa dama sun faɗa suka ce to ga shi nan. Amma mutum da buƙatarsa, tayar da ta sace ba ta san tsoro ba. Suka dawo ɗaya ɗaya, suna addu'a a matakala.

Ni kam a ɗakin nan na yi zaman da ya fi kowane daɗi a rayuwata, ba kuma na jin kunyar faɗa. Ka sauko daga rana mai dukan ƙeya, ka zauna a kan benci, idonka ya ɗan yi duhu sannan ya washe. Haske yana saukowa ta bakin tulunan ya kwanta a ƙasa dunƙule dunƙule, yana matsawa a hankali yadda yini ke matsawa. Ƙafafun kekuna da aka rataye a azara suna juyawa da kansu, ba wanda ya taɓa su. Wani yana ɗaure wayoyin ƙafa, ƙyan, ƙyan, wani yana nutsa robar taya cikin ruwa yana jiran kumfa, sarewar nan kuma tana ta yi can ƙasa-ƙasa. Sai ka ji kamar duk hanyoyin Kurfai ne suka shigo suka kwanta suna hutawa, da rairayinsu da ƙayarsu. Da damina kuwa mu na cikin Rami muke fara sanin hadari ya haɗo, don ƙanshin ruwan da ya sauka a wani wuri yakan shigo ta mashigar gabas tun mutanen titi ba su ɗaga kai ba. Sau da yawa an gama mini gyara na ci gaba da zama.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba a lanƙwasa su. Wuta ba ta sauka, in ban da fitilarsa ta safe. Esansi da sholisho ba sa kwana a ƙasa, ba sa ma wuni. Mai faci ya hau gindin dogon yaro ya yi facinsa a sarari. Ba a barin mutum ɗaya a ciki. Wanda ya ji kansa ya sara ko barci yana fizgarsa, ya hau ya sha iska, ba a yi masa dariya. Lokacin ɗari ne ake yaƙi, don masu gyara sukan cusa tsumma a bakin tulunan su lallaɓo da kaskon shayi ta matakalar baya. Tahiru da kansa ya ba ni labarin ranar da Baba Kailu ya kama su. Bai zage su ba. Ya ciro tsummokaran ya ninke, ya ɗauki kaskon da hannunsa ya hau da shi, ya ce Allah Ya ba da iska kyauta, kada a ce rijiya ta bayar guga ya hana. Suka bi shi sama suka sha shayin suna rawar ɗari.

Baba Kailu, kai ne ka yi daminu kana jin ƙanshin ruwa ta hudar da ka haƙa, gonarka tana can tudu hannun ƙannenka, ba ka je ka ga gero ya yi kai ba. Kai ne aka yi bukukuwa da zaman makoki a ƙauyenku ka je da hantsi ka juyo kafin la'asar, saboda alkawarin da ka yi wa wata uwa. Kai ne ka sha sunan da ba naka ba, ka amsa shi har ya gaji ya zama na girma. Maginin da ya haƙa rijiyar da ba a ɗiban ruwa, amma duk gari ya sha. Tun ranar da ka tsaya a bakin ramin nan ba a sake fito da kowa a kafaɗa ba, kuma irin wannan aikin ba ya da shaida, don abin da bai faru ba ba a yi masa guɗa.

Bana ƙirjinsa ya ƙi. Ƙurar rijiyoyin da ya shaƙa tun yana saurayi ta taso tana neman haƙƙinta, har matakalar Rami ta gagare shi. 'Ya'yansa suka ce ya isa haka, ya dawo gida. Da labari ya bazu ba wanda ya yi zancen sharaɗin, amma kowa shi yake tunani. Tahiru ya je ya durƙusa gaban uwarsa ya ce Inna, duk abin da Baba Kailu yake yi na iya, igiyar ma ya ba ni. Ta ce ta ji.

Ranar tafiyarsa muka taru da hantsi a gindin dogon yaro, har da Tabawa da aka ɗauko daga ƙauye. Muna cikin gaisawa sai ga amalanken jaki ya tsaya a bakin Rami, shaƙe da rairayi. Bayansa Hajiya ce, tana dogara sanda. Ta ce magana ta faɗe ta a gaban mutane, ba za ta haɗiye ta a ɗaka ba, amma tana so ta ga abin da za ta binne, don tun ranar da aka fito da ɗanta ba ta taka matakalar nan ba. Ta hana kowa bin ta. Wannan ne karo na farko da aka karya dokar Baba Kailu ta hana barin mutum ɗaya a ciki a gabansa, shi kuwa ya matsa ya zauna a bakin matakala ya karkata kunne.

Muka jira. Inuwa ta janye daga kan amalanken, jakin ya sauya ƙafa, ba ta fito ba. Tahiru ya leƙa ya hango ta. Tana zaune a kan benci, ta jingina kai da bango, idonta a rufe, sandar ta zame ƙasa. Ya yunƙura zai faɗa ciki, Baba Kailu ya riƙe masa riga.

"Ƙyale ta, kwana takai. Saurara ka ji. Wanda rami ya kama ba shi minshari haka."

Muka yi tsit. A ƙarƙashin amon tulunan, can ƙasa, ga shi nan kuwa, a hankali, yana tashi yana sauka. Tahiru ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannuwa, kafaɗunsa suna girgiza, ban san ko dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Sai da aka kusa kiran azahar ta farka. Ta hau a hankali, ta tsaya a matakalar ƙarshe tana gyara mayafi, ba ta dubi kowa ba sai Kailu.

"Tun rasuwar Alhaji ban yi kwana mai daɗi awa wanga ba. Tahi gida, Kailu. Na sake ka."

Ta ce wa mai amalanke ya juye rairayin a harabar masallaci a baje, sannan ya dawo ya kai dattijon nan ƙauyensu.

Mun gode, Baba Kailu. Fofo, in ji maƙwabtanmu Zabarmawa. Allah Ya sassauta maka ƙirji, Ya ba ka numfashi gwargwadon wanda ka ba mu. Ku kuma masu aiki a ɗakunan da ba taga, masu faci da masu walda da masu kwana da gawayi, ku tashi ku duba ta ina iska ke shigo muku, ta ina take fita, tun ba a zo ana tambayar me ya same ku ba. In kuna da irin wannan mutum a bakin ƙofarku, ku gode masa yanzu yana ji.

Da amalanken ya dawo muka shimfiɗa masa tabarma a ciki, muka ɗora butarsa da ƙunshin kayansa. Ya zauna yana fuskantar baya. Jaki ya ja, suka bi hanyar tudu, yana tari yana ɗaga mana hannu. Sun kusa shan kwana muka ga ya sa an tsaya, yana nuna wani abu. Tahiru ya ruga ya dawo yana share ido. Wai wani ya jingine keke a bakin mashigar gabas, a ɗauke shi.